Gayyatar horo zuwa Meziko: ta yaya zan auna hatsarin ƙungiyoyin ƙwaya kafin in amsa?

Ɗan Adar (Tawa)

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Ni ma'aikacin gona ne a jahar Tawa, kuma aikina ya fi karkata ga noman rani, musamman gwajin irin alkama a gandun ban-ruwa na Birnin Ƙonni. An zaɓe ni cikin waɗanda za su je horo a cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, CIMMYT, wadda hedikwatarta ke Texcoco, gabas kaɗan da birnin Meziko. Bisa tsarin da aka aiko mini, za mu fara zama a Texcoco, sannan a watan Maris a kai mu tashar gwaji ta cibiyar da ke Ciudad Obregón a jahar Sonora, can arewa maso yammacin ƙasar, inda Norman Borlaug ya yi aikin alkamar da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1970. Duk wanda ya karanci aikin gona ya san darajar wannan fili, kuma raina yana son tafiyar ƙwarai.

Abin da ya tsaya mini shi ne gida. Tun da mahaifiyata ta ji sunan ƙasar hankalinta bai kwanta ba, domin abin da take ji a rediyo game da Meziko bai wuce kisan gilla da sace mutane da yaƙin masu safarar hodar iblis ba. Kawuna, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifina, bai hana ni kai tsaye ba, amma ya ce ba zai sa albarka ba sai na kawo masa hujjar da za ta gamsar da shi cewa an yi tunani, ba son rai kaɗai ke ja na ba.

Na duba abin da zan iya dubawa, sai ya ƙara rikita ni. Na ga cewa daga 2018 zuwa 2023 ana kashe sama da mutum 30,000 kowace shekara a ƙasar, na kuma ga cewa wata ƙungiyar farar hula ta can, mai fitar da jerin biranen da kisa ya fi yawa a duniya, ta sa Obregón cikin uku na farko a 2021 da 2022 da 2023. A ɗaya gefen kuma miliyoyin baƙi suna shiga ƙasar kowace shekara su fita lafiya, kuma masana alkama daga nahiyoyi daban-daban suna ci gaba da taruwa a wannan tashar. To, wanne zan riƙa? Ta yaya mutum mai hankali yake auna irin wannan tafiya, ba tare da tsoro ya hana shi alheri ba, ba kuma tare da kwaɗayi ya rufe masa ido ba?

Akwai kuma wani tunani da nake yi, ina so ku faɗa mini gaskiya a kansa. Maimakon jirgin cikin gida daga birnin Meziko zuwa Obregón, ina sha'awar in hau bas, in rage kashe kuɗin guzuri, in kuma ga gonakin ƙasar da idona. A taswira na ga hanyar tana bi ta Guadalajara da Tepic da Mazatlán da Culiacán.

Malamin Gona (Yamai)

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri a wannan zaɓi. Aiki ya taɓa kai ni Texcoco da Obregón, saboda haka zan faɗa maka abin da na gani haɗe da abin da nake bi a labarai tun daga lokacin.

Zan fara da maganar bas, domin amsarta ce ta fi sauƙi: ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. Tafiyar ta haura kilomita 1,500, babu yadda za a yi dare bai same ka a hanya ba, kuma hanyar tana ratsa jahar Sinaloa daga kudancinta har arewacinta. A ranar 25 ga Yuli 2024 wani ƙaramin jirgi ya sauka kusa da El Paso a Amurka ɗauke da Ismael Zambada, wanda ake kira El Mayo, ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar safarar ƙwaya ta Sinaloa, tare da ɗaya daga cikin ƴaƴan tsohon abokin harkarsa Joaquín Guzmán, wato El Chapo, aka kama su duka. Zambada ya fitar da takarda ta hannun lauyansa yana cewa sace shi aka yi aka kai shi da ƙarfi. Daga 9 ga Satumba na wannan shekarar ɓangarorin biyu na ƙungiyar Sinaloa suka far wa juna a Culiacán da kewayenta, aka rufe makarantu, aka soke bikin ranar ƴancin ƙasa a birnin, aka riƙa tare manyan hanyoyi da motocin da aka cinna wa wuta, kuma kafin shekara ta zagayo waɗanda aka kashe sun haura dubu. Kuɗin da za ka rage bai kai a sa shi a ma'auni ɗaya da wannan ba.

Sai babbar tambayarka. Abin da nake so ka fara yarda da shi shi ne sunan ƙasa ba ya gaya maka komai mai amfani game da tafiyarka. Meziko ta kusa murabba'in kilomita miliyan biyu, wato ta fi Nijar girma sosai, tana da jahohi 31 da babban birni, kuma ƙidayar 2020 ta samu mutum miliyan 126. A jahar Yucatán kisan kai yana tsayawa wajen mutum biyu cikin kowane 100,000 a shekara, a jahar Colima kuwa ya haura mutum ɗari cikin 100,000 a 2022 da 2023. Idan aka haɗa waɗannan biyu aka raba, lambar da za ta fito ba ta kwatanta ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka kada ka tambayi kanka ko Meziko lafiya, ka tambaya wace jaha, wane gari, wace unguwa, wace hanya, da wane lokaci na yini, sannan a hannun wa za ka kasance.

Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana fitar da gargaɗi jaha-jaha a matakai huɗu. A ƴan shekarun nan jahohi shida ne ke mataki na huɗu, inda ake cewa kada a je sam: Sinaloa, Colima, Guerrero, Michoacán, Tamaulipas da Zacatecas. Sonora tana mataki na uku, birnin Meziko da jahar da Texcoco ke ciki suna na biyu. Amma abin da ya fi matakan amfani a wurina shi ne sashen da suke bayyana inda suka hana ma'aikatansu zuwa da hanyoyin da suka yarda su bi da rana kaɗai, domin gwamnati tana iya kambama gargaɗi ga jama'a don ta wanke kanta, amma dokar da ta ɗora wa ma'aikacinta takan gina ta a kan abin da ta sani. A bayanin da suka fitar a 2023, Obregón tana cikin garuruwan kudancin Sonora da suka hana ma'aikatansu zuwa. Ban faɗa maka wannan don in tsorata ka ba, na faɗa ne domin kawunka ya nemi hujja, kuma hujja ta gaskiya ba ta ɓoye ɓangaren da ba a so.

Akwai kuma abin da na ɗauka shi ne zuciyar lamarin. Yawan ƙwayar da ke ratsa wuri ba shi ne ma'aunin hatsarinsa ga baƙo ba. Garin da ƙungiya ɗaya ta riƙe ba tare da abokin hamayya ba yakan yi shiru shekara da shekaru, ko da yake mutanensa suna biyan kuɗin dole suna rayuwa cikin tsoro. Garin da ƙungiyoyi biyu ke ja a kansa, ko wanda shugaban ƙungiyarsa ya faɗi magada suka rabu, shi ne harbi ke tashi tsakar rana a gaban kantin cin abinci. Tun da shugaban Meziko na lokacin, Felipe Calderón, ya tura sojoji Michoacán a Disamba 2006, an sha ganin cewa kama babban shugaba ko kashe shi yana farfasa ƙungiya gida-gida, kowane gida yana neman rabonsa da bindiga. Kuma wannan sauyi yakan zo cikin kwana ɗaya. Ranar 5 ga Janairu 2023 da aka kama Ovidio Guzmán, wani ɗan El Chapo, an rufe filin jirgin saman Culiacán, har harsashi ya sami wani jirgin fasinja, alhali daren jiya mutane sun kwanta ba su san komai ba. Ma'anar wannan a gare ka ita ce hukuncin da ka yanke yau ba zai isa ba, sai ka sake aunawa mako guda kafin tashi, ka kuma sake aunawa ranar da za ku bar Texcoco.

Ra'ayina shi ne Texcoco ka je ba tare da shakka ba, da irin hattarar da ake yi a kowane babban birni. Obregón kuwa ka je ne kawai a jirgi, cikin ayarin cibiyar, ka kwana inda suka sauke ka, ka shiga motar da suka tanada, daga masauki zuwa fili daga fili zuwa masauki. Yawancin waɗanda ake kashewa a can samari ne na wasu unguwanni da rikicin sayar da ƙwaya da na hanyar da ke zuwa iyakar Amurka ya ci, kuma baƙon da ke cikin wannan tsari yana nesa da su ƙwarai.

Hajiya ta Yantala (Yamai)

Ɗana, na karanta tambayarka da amsar Malam, kuma na yarda da kusan duk abin da ya faɗa, sai dai jimlarsa ta ƙarshe ba ta kwantar mini da hankali yadda ta kamata ba. Na yi shekaru ina aiki da ƴaƴanmu da suka dawo daga hanyoyin ƙaura, kuma akwai abin da ba ya fitowa a lissafin da ake yi wa baƙi.

Idan ana cewa baƙi suna shiga Meziko su fita lafiya, galibi ana nufin Turawa da Amurkawa masu yawon buɗe ido a bakin teku. Kai ba haka za a gan ka ba. Saurayi baƙar fata, shi kaɗai, ba ya jin Sifaniyanci, yana cikin bas mai nufar arewa, kowa zai ɗauke shi ɗan ci-rani ne mai neman tsallaka iyakar Amurka, domin tun wajen 2019 da ƴan Afirka suka taru a Tapachula kusa da iyakar Guatemala, sannan a 2023 da ƴan Muritaniya da Senegal suka riƙa bi ta Nicaragua, idon mutanen can ya saba da wannan kama. Su kuwa ƙungiyoyin ƙwaya sun daɗe da mayar da ƴan ci-rani haja: suna karɓar kuɗin wucewa a kansu, suna tsare su a gidaje, suna kiran danginsu a biya fansa, domin sun san wanda ba shi da takarda ba zai kai ƙara ba. A watan Agusta 2010 ƙungiyar Los Zetas ta kashe ƴan ci-rani 72 a San Fernando cikin jahar Tamaulipas, a shekarar da ta biyo kuma aka tono gawarwaki 193 a kaburburan ɓoye a wannan yanki, da yawansu daga cikin bas aka sauke su. A watan Maris 2023 an sace Amurkawa huɗu baƙar fata a Matamoros jim kaɗan bayan sun tsallako iyaka, biyu suka mutu, kuma hukumomin jahar sun karkata ga cewa an ɗauke su ne a matsayin wasu mutane daban. Fasfon Amurka bai cece su ba, domin mai bindiga bai tsaya ya duba shi ba.

Sannan lambar kisa ba ta ɗauke da dukan labarin. A watan Mayu 2022 rajistar gwamnatin Meziko ta mutanen da suka ɓace ta haura 100,000, kuma wanda ba a ga gawarsa ba ba ya shiga lissafin waɗanda aka kashe. Hukumar ƙididdigar ƙasar, INEGI, tana bayyana kowace shekara cewa sama da kashi 90 cikin 100 na laifuffuka ba a kai ƙararsu ko ba a buɗe bincike a kansu. Wato ƙwace da tsarewa na ƴan awoyi don a kwashe kuɗin banki, waɗanda su ne suka fi kusa da baƙo, yawancinsu babu su a takarda.

Ban ce kada ka je ba. Ilimi ne za ka nemo wa manomanmu, kuma ba na son a ce ƴaƴan Nijar su ne kullum kujerarsu ke zama babu kowa a irin waɗannan wurare. Abin da nake cewa shi ne kariyarka ba ta cikin lissafi, tana cikin alamun da ke nuna kana da masu kai. Takardar gayyata da Sifaniyanci ta kasance a jikinka kullum tare da kwafin fasfo da biza, katin cibiyar yana rataye idan kana fili, lambar mai kula da ku tana rubuce a takarda ba a salula kaɗai ba. Wanda zai tarbe ka a filin jirgi ka san sunansa tun kana Yamai, kuma kada ka bi wanda ya ce shi aka aiko a madadinsa sai ka kira ka tabbatar. Ina roƙonka kuma da girman Allah kada ka karɓi saƙon kowa, ko zuwa ko dawowa, komai kusancinsa da kai, domin mu mutane ne masu kunyar ƙin ɗaukar saƙo, kuma da wannan kunyar ake cusa wa bayin Allah abin da zai kai su kurkuku.

Game da mahaifiyarka, kada ka ce mata babu komai, domin ta san akwai. Ka zaunar da ita ka nuna mata inda za ka kwana, wanda zai ɗauke ka, da abin da ka yi alkawarin ba za ka yi ba.

Tsohon Direba (Tawa)

Ɗana Ɗan Adar, ni ban taɓa tsallaka teku ba, amma na tsufa a kan hanyar Tawa zuwa Agadas da ta Tawa zuwa Yamai, kuma auna hanya kafin a hau ta shi ne sana'armu kafin tuƙi.

Ka duba yadda ake ganinmu daga waje. Taswirar gargaɗi ta Faransa ta daɗe da shafa wa mafi yawan ƙasarmu jan launi, kuma wanda ya karanta ta a Turai zai zaci babu mai fita ƙofar gida a Adar, alhali kasuwar Tawa tana ci, albasar Galmi tana fita, yara suna zuwa makaranta. Duk da haka babu ɗan Tawa da zai ce jan launin ƙarya ne, domin mun san abin da ya faru a ƙauyukan Tiliya ranar 21 ga Maris 2021, inda gwamnati ta ce an kashe mutum 137 a yini ɗaya. Jaha ɗaya ce, amma wanda ke zaune cikin gari da wanda ke kan hanyar arewa bayan la'asar ba a duniya ɗaya suke ba. Wannan ya yi daidai da abin da Malam ya faɗa, sai dai ina so ka lura da inda kwatancen ya tsaya, domin na ga matasa da yawa suna cewa mu ma an ce mana ja ne ga shi muna zaune lafiya, sai su raina gargaɗin da aka yi game da wata ƙasa.

Abin da ke sa mu zauna lafiya a nan ba ƙarfin hali ba ne, sani ne. Kafin in ɗauki fasinja nakan je tasha in tambayi direban da ya shigo da safe abin da ya gani, na san shingen jandarma na gaskiya da wanda ban yarda da shi ba, ina jin harshen wanda ya tsayar da ni, kuma idan kasuwar wani ƙauye ta watse kafin lokacinta na san ma'anar hakan ba sai an gaya mini ba. Kai a can ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Za ka ga titi babu kowa ka ce an samu sauƙin zirga-zirga, ɗan garin kuwa ya riga ya kulle ƙofarsa. Saboda haka dole ka ari idon mutanen wurin, kuma ba manyan ofis kaɗai ba. Ka yi abota da direban da ke kai ku fili da leburorin gona, ka duba abin da suke yi fiye da abin da suke faɗa. Idan direba ya canza hanya kada ka tambaye shi dalili a gaban mutane, idan ya ce yau a koma da wuri ka tattara kayanka ko da aikin bai ƙare ba. Idan kuma Allah ya ƙaddara masu bindiga sun tsayar da motarku, ko da kakin hukuma ko babu, ka ajiye hannuwanka inda ake gani, kada ka ɗaga salula, ka bar ɗan ƙasa ya yi magana, abin da suka nema na dukiya a ba su.

Ƴar Jarida (Yamai)

Yayana, Malam ya ce ka sake aunawa kafin tashi, ni kuma zan ƙara bayani a kan inda za ka samo abin aunawar, domin a nan mutane da yawa ke ruɗuwa.

Rashin labari daga wani gari ba shaidar zaman lafiya ba ne. Meziko tana cikin ƙasashen da aka fi kashe ƴan jarida a duniya. Javier Valdez, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jaridar Ríodoce a Culiacán, an harbe shi a kan titi ranar 15 ga Mayu 2017, kuma tun a 2012 jaridar El Mañana ta Nuevo Laredo ta sanar a fili cewa ta daina ba da labarin rikicin ƙungiyoyin bayan an kai wa ofishinta hari. Wurin da ƙungiya ta fi ƙarfi shi ne wani lokaci jarida ta fi yin shiru. Kafofin duniya kuwa sai abu ya yi muni ƙwarai suke ɗauka. Don haka ka riƙa duba jaridun jahar kanta, irin su El Imparcial da Diario del Yaqui, kana fassarawa da salularka, kuma abin da za ka nema ba adadin gawarwaki ba ne kawai. Ka duba ko an rufe makarantu, ko kamfanonin bas sun dakatar da tafiya, ko an soke wani biki ko wasan ƙwallo, ko an turo ƙarin sojoji, ko an kama wani babba cikin kwanakin. Waɗannan su ne alamun cewa mutanen garin da kansu sun ga abin da ya fi na kullum. Bidiyon da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook kuwa ka yi hattara da su, domin da yawa tsofaffi ne ko na wani gari, wasu ma ƙungiyoyin ne ke sakinsu don tsoratarwa.

Ka rubuta wa masu gayyatarka tambayoyi kai tsaye, babu rashin ladabi a ciki: wa ke yanke hukuncin soke ziyarar fili idan lamari ya ɓaci, wane masauki, wace mota, shin inshorar da aka yi muku ta haɗa da kwashe mutum cikin gaggawa. Yadda suka amsa shi kansa ma'auni ne, domin mai tsari yakan ba da amsa dalla-dalla, wanda ba shi da tsari kuma yakan ce kada ka damu.

Akwai wata damfara da ta yaɗu a can wadda ta shafi gida kai tsaye. Ana kiran baƙo a ɗakin otal ko a salula, a ce ana ganinsa, a tsorata shi ya kashe wayarsa ko ya koma wani wuri, sannan a kira danginsa a ce an sace shi a nemi fansa, alhali babu wanda ya taɓa shi. Idan aka yi maka irin wannan kira ka katse, ka nemi mai kula da ku nan take, lambar gaggawa ta ƙasar kuma 911 ce. Ka gaya wa kawunka tun yanzu kada ya tura ko dala ɗaya sai ya yi magana da cibiyar, ku kuma ajiye wata tambaya ta cikin gida wadda kai kaɗai ka san amsarta. Ku tsayar da lokacin waya na kullum, kana tunawa cewa agogon Nijar yana gaba da na birnin Meziko da awa bakwai, da na Sonora kuma awa takwas, domin kada jinkirin da bambancin lokaci ya jawo ya tayar da hankalin Inna a banza.

Ɗan Adar (Tawa)

Allah ya saka muku da alheri, Malam, Hajiya, Baba Direba da ƙanwata. Maganar bas ta mutu. Na aika tambayoyin kamar yadda aka shawarce ni, kuma mai kula da horon ta amsa ɗaya bayan ɗaya: za a tarbe mu a filin jirgi, za mu tafi Obregón tare a jirgi, masauki da mota nasu ne, ba a fita bayan magariba sai da saninsu, kuma suna duba yanayin tsaro kafin a yanki tikitin cikin gida. Na roƙi a ba ni takardar gayyatar da Sifaniyanci, ta ce za a aiko.

Na kai wa kawuna duk wannan, har da maganar da Malam ya yi cewa Amurka ta hana ma'aikatanta zuwa Obregón, ban rage komai ba. Ya sa na maimaita masa bayanin Hajiya game da yadda za a gan ni a can, ya yi shiru, sannan ya ce ya yarda da Texcoco, amma Obregón sai an zo gab da lokacin mu sake zama a waya ni da shi, in karanta masa abin da jaridun Sonora ke cewa a wannan makon. Na amince da sharaɗin, na kuma sanar da cibiyar cewa idan gida bai gamsu ba zan tsaya a Texcoco har ayarin ya dawo. Malam, ina roƙon ka turo mini a keɓe sunayen unguwannin Obregón da aka ce muku ku kauce musu, domin in san abin da nake karantawa idan na gan su a jarida.